Gyara Kayanka: Faɗakarwa a Kan Haɗa Kantar Ajiya a Gida

 

Jama'a masu sauraro, mazauna birnin Shehu, tun daga Gidadawa da Kanwuri da Sabon Birni har zuwa Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, da ku na garuruwan kewaye, Wamakko da Kware da Bodinga da Wurno, da sauran duk inda Allah ya nufi wannan murya ta kai, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa. Muna farawa da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam icce da ƙarfe da dutse, ya kuma ba shi hankali da hannu domin ya sarrafa su, sa'an nan muna salati da sallama ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar da muka ɗauko yau, wanda ya ji ta da farko zai zaci ba ta kai a tara jama'a dominta ba, tun da ba ta wuce maganar katako da ƙusa ba: ita ce yadda magidanci zai haɗa wa gidansa kantar ajiye kaya da hannunsa, ko kuwa, in bai iya shi kaɗai ba, ya tsaya a kan aikin da idon basira har a yi masa shi bisa ƙa'ida. Amma wanda ya yi haƙuri da mu zuwa ƙarshen shirin zai ga cewa a ƙarƙashin wannan ƙaramar magana akwai babba, wato tsare dukiya, wadda malaman usulu suka lissafa a cikin darurori 5 da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da hankali da zuriya.

Mu fara da ciwon kafin mu je ga maganin. Wanda ya leƙa ɗakunanmu da idon nazari zai tarar da mafi yawan abin da muka mallaka a ƙasa yake zaune: buhun gero jingine da bango, kwalin littattafai a ƙarƙashin gado, takardar fili da takardun makarantar yara a cikin leda bayan akwati, tukwane da kwanoni kife a lungu. Ita kuwa ƙasar Sakkwato, ko da yake Allah ya yi mata albarka mai yawa, kowane lokaci na shekara yana zuwa da nasa jarrabawa ga kayan ɗaki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigo da ƙura ta kowace kafa. A bazara, wajen Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 har robobi su lanƙwashe a ƙarƙashin rufin kwano. Daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ta sauka, danshi ya riƙa hawowa ta daɓe da gindin bango, shinge ya tashi da ruwan farko, gara ta buɗe aikinta. Da yawa daga cikinku ba su manta da Satumbar 2010 ba, sa'ad da gulbin Rima ya yi ambaliya har ya yanke gadar da ke kai wa ga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Irin wannan musiba, Allah ya kiyaye mu da sake ganinta, ta fi ƙarfin kanta. Amma ruwan da ya fi yi mana ɓarna shekara da shekaru, wanda ba a shelarsa a rediyo, shi ne wanda bai wuce idon sawu ba, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da tsakar dare, ya jiƙa gindin buhu, ya fita kafin asuba.

Ku dubi yadda gara take yi da kwalin littattafai. Mai shi yana ganin kwalin kullum a inda ya ajiye shi, bakinsa a rufe, samansa lafiya lau, zuciyarsa a kwance. Ranar da bukata ta taso ya sunkuya ya ɗaga, sai gindin kwalin ya zauna a ƙasa, saman ya biyo hannunsa. Ya ɗauko littafi, bangon yana nan da kyansa, ya buɗe, sai ya tarar da jar ƙasa ta maye gurbin babi guda, hanyoyi sun ratsa shafi bayan shafi tun daga muƙaddima har hatima, ga fararen ƙwari suna gudun haske. Littafin da mahaifinsa ya yi shekaru yana bita a gaban malami, har da ɗan sharhin da ya rubuta a gefe da hannunsa, ya tafi ke nan, kuma babu kasuwar da ake sayo irinsa. Sai mutum ya ce ƙaddara ce, kuma lalle ƙaddara gaskiya ce. Amma riƙo da sababi shi ma umurni ne, kuma tazarar da ke tsakanin wannan littafi da tsira ba ta wuce taƙi guda daga ƙasa ba.

Magabatanmu sun san wannan sarai, kuma ba su jira katakon kudu ko siminti ba kafin su yi tadbiri. Maginin gargajiya yakan bar alkuki a jikin bango tun ginin yana ɗanye, domin fitila da tawada da ƙananan kaya. Yakan kafa turaku a cikin ginin domin rataye gafaka da takobi da buta. Uwargida tana da ragaya da take rataye ƙwaryar nono da ragowar tuwo, inda ɓera da kyanwa ba su kai. Manomi bai taɓa dasa rumbunsa a kan tsurar ƙasa ba, sai ya ɗora shi bisa duwatsu, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. Jeren amarya kuma, ban da adon da ke cikinsa, tsari ne na ajiya wanda kowace tasa da kowane kumbo yake da mazauninsa. Ƙa'idar duka ɗaya ce: a raba kaya da ƙasa, a bar iska ta ratsa, a bar ido ya gani. Abin da ya same mu shi ne mun bar ginin ƙasa mun koma na bulo, mun bar alkuki da ragaya a can, ba mu kuwa kawo abin da zai maye gurbinsu ba, alhali kayan da muke tarawa yau sun ninka na kakanninmu.

Malamai ma ba su raina wannan babi ba. Alƙali Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a shekarar 733 ta Hijira, a cikin littafinsa na ladubban malami da almajiri mai suna Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim, ya yi bayanin cewa ba a ajiye littafi a kan ƙasa, sai a kan wani abu da zai raba shi da danshi, har ya tsara wanda ake ɗorawa bisa wani gwargwadon darajar ilmin da ke ciki, Alƙur'ani mai girma a bisa kowa. Mu kuwa Sakkwatawa mun fi kowa cancantar mu ji wannan magana, domin garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, inda Shehu Usmanu ya cika a 1817, gari ne da aka gina a kan takarda da tawada. Rubuce-rubucen Shehu da na Malam Abdullahi na Gwandu da na Bello da na Nana Asma'u ba su iso gare mu don gara ta ji nauyinsu ba. Sun iso ne domin a kowane zamani an sami waɗanda suka kwafe su, suka naɗe su cikin tadarishi da gafaka, suka ɗaga su sama, suka riƙa fito da su suna kakkaɓewa, irin su marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, wanda kuma ma'ajiyar tarihi da al'adu ta wannan jiha take ɗauke da sunansa.

To, wani zai ce, ai wannan aikin kafinta ne, ni malami ne, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin ofis, ina ni ina riƙe zarto? Amsa ita ce, aikin hannu bai taɓa rage wa mai daraja darajarsa ba. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, masassaƙi ne; Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi; Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci; shi kansa fiyayyen halitta, kamar yadda Uwar Muminai Nana A'isha ta ba da labari, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, yana gyara takalminsa, yana ɗinke tufarsa. Sarkin Musulmi Bello kuma ya wallafa Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman halal, kuma a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, har da masassaƙa, cikin abin da ya hau kan shugaba. Ba kuwa muna kira ne a kashe wa kafintoci kasuwa ba. Akwai yanka da gogewa da sai injinsu, a kai musu, a biya su hakkinsu ba tare da ja-in-ja ba. Abin da muke so shi ne mai gida ya san aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu sai ku matso kusa, wanda ke da alƙalami ya ɗauko, mu shiga aikin daki-daki.

Rukuni na farko shi ne niyya da awo. Kafin ka taka zuwa wurin 'yan katako, ka tsaya a ɗakin ka tambayi kanka abin da za a ɗora, domin kantar littattafai daban, ta kayan abinci daban, ta tufafi daban. Ka shawarci uwargida, tun da ita ce za ta fi kowa mu'amala da ita, ita ta san tsawon tukunyarta da inda hannunta yake kai. Ka zaɓi bangon da ba ya tsattsafo da damina, wanda ba ya kusa da murhu ko risho ko tukunyar gas, ka auna tsawo da faɗi, ka auna ƙofar ɗakin ita ma, domin an sha haɗa kanta a tsakar gida a zo shigar da ita ƙofa ta ƙi. Ka rubuta awon a takarda, ka sake aunawa kafin ka yanka, saboda katakon da aka yanke ba ya komawa.

Misalin da za mu bi yau kanta ce mai tsayuwa da ƙafarta, tsayinta ƙafa 6, faɗinta ƙafa 3, zurfinta ƙafa 1, mai hawa 6 har da na sama da na ƙasa. Mun zaɓe ta ne saboda dalilai 2. Na ɗaya, bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa a ƙarƙashin nauyi, bulo kuma cikinsa rami ne. Na biyu, da yawa daga cikinmu a gidan haya suke, kuma ba ya halatta ɗan haya ya farfasa bangon mutane ba da izninsu ba, ita kuwa mai ƙafa, ranar tashi sai ta bi ka.

Rukuni na biyu, zaɓen katako. Falankin da aka saba sayarwa kaurinsa inci 1 ne, faɗinsa inci 12, tsawonsa ƙafa 12, ko da yake in an goge shi yakan ɗan ragu, saboda haka abin da ke hannunka za ka auna, kada ka dogara da sunan da aka kira shi. Guda 3 sun ishe ka, da falle ɗaya na filawud marar kauri, wanda yake zuwa ƙafa 4 a ƙafa 8. Farin katako ya fi araha da sauƙin aiki, amma ya fi taushi, kuma gara da ƙwaro sun fi son sa. Jan katako irin su maɗaci ya fi tsada da nauyi, ya kuma fi daɗewa. In ka isa, kada kunya ta sa ka karɓi wanda aka miƙo maka daga sama. Ka ɗaga bakin falankin zuwa idonka, ka rufe ido ɗaya, ka bi gefensa da kallo har ƙarshe: in ya yi baka, ko ya murɗe, ka ajiye shi. Ka duba ƙulli da tsaga, ka duba ƙananan huji masu zubar da gari, alamar ƙwaro ke nan a ciki. Sa'an nan ka jinjina shi, ka shafa: in ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa, jikinsa da sanyi, to ɗanye ne. Mafi yawan katakonmu daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska take da laima, in ya iso busasshiyar iskar Sakkwato sai ya tsuke, ya kantare, ya tsage. Saboda haka ka jera shi a inuwa, ba a rana ba, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, ka ba shi makonni ya sha iska. Shi ya sa hunturu ya fi kowane lokaci dacewa da wannan aiki. Wanda kuma yake da tsohon ƙyaure ko katakon akwatunan kaya, in dai lafiyayye ne, ya fi sabo bushewa. Kuma kada wannan shiri ya zama hujjar sare dogon yaron ƙofar gida, domin jiharmu tana cikin jihohi 11 da ke fuskantar Hamada, inuwarsa ta fi mana kanta amfani.

Rukuni na uku, kayan aiki, kuma ba su da yawa: zarto, da guduma, da tef ɗin awo, da fensir, da takardar goge katako, da farin gam na kafintoci, da ƙusoshi iri 3, wato na inci 1, da na inci 1 da rabi, da na inci 3. Wanda ba shi da su ya ara wurin maƙwabci, amma ya tuna aro amana ne, a mayar da shi a kan lokaci, yadda aka karɓe shi.

Rukuni na huɗu, yanka. Falanki na farko a raba shi biyu daidai, su ne ginshiƙan gefe. Na biyu a fitar da guda 4, kowanne inci 34, na uku a fitar da guda 2 irinsu, sun zama 6. In ka haɗa inci 34 da kaurin ginshiƙan nan biyu, ka sami ƙafa 3 ko kusa da haka. Ragowar falanki na uku a tsaga shi 'yan sanduna 12, faɗin kowanne inci 2, tsawonsa daidai da zurfin kantar, su ne matokaran da hawa zai zauna a kansu. A nan akwai wata fa'ida da ya kamata kowa ya riƙe, domin ita ce sirrin da ya sa kantoci da yawa suke yin ciki bayan shekara guda. Masana hisabin gini sun tabbatar da cewa in ka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, ko da nauyin da ka ɗora bai ƙaru ba, lanƙwasar falankin ba ninki 2 take yi ba, ninki 8 take yi. Littattafai kuwa nauyi gare su, jerin mita guda yakan kai kilo 25 zuwa 30, wato kusan rabin buhun siminti ko fiye. Saboda haka falankin inci 1 kada ya wuce ƙafa 3 ba tare da ginshiƙi ba. In bangonka mai faɗi ne, ka sa ginshiƙi a tsakiya, ko ka yi kanta biyu ka jera su.

Rukuni na biyar, haɗawa. Ka kwantar da ginshiƙan biyu gefe da gefe, ƙafafunsu daidai, ka ja layin kowane hawa a kansu gaba ɗaya, domin in ka auna su daban-daban sai ɗaya ya saɓa wa ɗaya. Hawan ƙasa ya tashi inci 6 daga daɓe, yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya ga abin da ke gudana. Daga nan ka bar inci 16 ga hawa na farko, 14 ga na biyu, sauran ukun inci 10 kowanne, ko yadda kayanka suka hukunta. Ka shafa gam a matokaran, ka kafa su a kan layi da ƙusar inci 1 da rabi, wadda ba za ta ɓullo ta waje ba. Sa'an nan ka ɗora hawa a kansu, ka buga ƙusar inci 3 ta jikin ginshiƙi zuwa cikin bakin hawan, guda 3 a kowane gefe. In za ka buga ƙusa kusa da bakin katako, ka juya ta ka ɗan daki tsininta da guduma har ya dakushe, domin mai tsini tana raba zaren katako ta tsaga shi, dakusasshiya kuwa tana karya zaren ta wuce. Ka riƙe ta da yatsu biyu, ka yi mata bugu 2 ko 3 a hankali har ta tsaya da kanta, ka janye hannunka, sa'an nan ka sake wa gudumar ƙarfi. Yara su kama maka bakin tef, su miƙo ƙusa, su ga yadda ake yi, amma zarto ya zauna a hannun babba.

Kafin ka rufe baya, wajibi ne ka tabbatar kantar ba ta karkace ba. Ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ka auna ɗaya ɓangaren haka nan. In awon biyu ya zo daidai, aiki ya miƙe, in ya saɓa, ka tura kusurwar da ta fi tsawo har su daidaita. Ko kuwa ka auna inci 18 daga kusurwa a gefe ɗaya, inci 24 a ɗaya gefen, tsakanin alamun biyu ya ba ka inci 30 cif. Wannan ƙa'ida ta 3 da 4 da 5, wadda magina suke fitar da harsashin gini da ita, tushenta yana cikin littafin handasa na Uƙlidisu, kuma wannan littafi ba baƙo ba ne a garin nan. Kyaftin Clapperton, ɗan Birtaniya da ya zo Sakkwato a 1824, ya komo a 1826, ya kuma mutu a nan a 1827, ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello kwafinsa na Larabci, ya kuma rubuta cewa ya iske Sarkin yana nazarinsa, har Sarkin ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar wani kwafin da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Ku duba, jama'a, ilmin da Sarkin Musulmi ya zauna yana bita shi ne yau zai miƙe muku kanta, kuma asarar littafi ciwo ne da bai bar ko gidan sarauta ba. In kusurwa ta daidaita, sai ka yanka filawud daga hawan ƙasa zuwa na sama, ka kafa shi a baya da ƙusar inci 1, taƙi ɗaya tsakanin ƙusa da ƙusa. Kada ka raina wannan bayan don ganin ba shi da kauri, shi ne yake hana kantar rangaji.

Rukuni na shida, kariya. Ka goge kaifin baki da sartse, ka shafa maganin gara irin Solignum, musamman a ƙafafu da bakin da zarto ya ci, a tsakar gida inda iska take kaɗawa, ka bari ya bushe ƙwarai har warin ya fita kafin ka shafa fenti ko banish. Wasu sukan shafa baƙin man mota. Wannan bai dace da cikin ɗaki ba, balle inda za a ajiye abinci. Ka ɗora kowace ƙafa a kan tayil ko faffaɗan dutse, ka bar tazarar yatsu 3 tsakanin kantar da bango, domin gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina hanyar ƙasa, in kuwa akwai tazara za ka ga hanyar tun tana sabuwa ka rushe ta. Daga nan sai abin da ya fi kowanne muhimmanci, domin shi ya shafi rai: ka ɗaure saman kantar da bango, da 'yar ƙarfen kusurwa ko waya mai ƙarfi, bayan ka nemi iznin mai gida in haya kake. Yaro ƙarami in ya ga hawa bisa hawa, tsani yake gani, kuma kanta mai ƙafa 6 cike da kaya in ta rufto masa, abin ba ya da daɗin faɗi. In za ka huda bangon bulo, ka nemi layin siminti da ke tsakanin bulo da bulo, ka kuma kauce wa saitin soket da makunnin wuta, sama da ƙasa, domin ta nan waya take bi a cikin bango.

Saura jeri, shi ma da nasa ladabi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama: buhu da jarka da manyan tukwane a hawan farko, abin da ake ɗauka kullum a daidai ƙirji. Alƙur'ani da littattafan addini a hawan da ya fi kowanne ɗaukaka, ba a ɗora kome a kansu; takardun fili da na haihuwa da na makaranta a cikin gwangwani mai murfi kusa da su. Magungunan asibiti a inda hannun yaro ba ya kai, amma ba dab da rufin kwano ba, domin zafi yana lalata su. Fiya-fiya da maganin ɓera da kananzir kuwa kada su haɗa kanta da abinci ko kaɗan, kada kuma a zuba su a kwalbar lemo, domin ta wannan hanya yara da yawa suka sha guba suna zaton abin sha ne. A rataya labule a gaba saboda ƙurar hunturu, a kuma sauke kayan duka a kakkaɓe, a leƙa baya da ƙarƙashi, sau ɗaya kafin ruwan farko, sau ɗaya bayan kaka. Wanda gara ta riga ta yi wa gida ƙawanya, ya je wurin masu walda su haɗa masa ƙafafu da ginshiƙai na ƙarfe, ya shafa musu fenti saboda tsatsa, ya shimfiɗa falanki a kai. Awon da ƙa'idar duka ɗaya ne.

Alhasali, 'yan'uwa, kuɗin falanki 3 da filawud da ƙusa, kome tsadar zamani, bai kai darajar buhun hatsi da danshi ya ɓata haɗe da takardar gado da gara ta cinye ba, kuma barin dukiya ta lalace alhali ana da ikon tsare ta reshe ne na almubazzaranci, ko da mai shi bai kashe ko kwabo a banza ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka muna kira ga magidanta, da iyayenmu mata, da malaman makarantun allo da na Islamiyya waɗanda littattafan almajirai suke tule a kusurwar zaure, da matasan da ke neman abin yi alhali ga sana'a a gabansu: kada a jira gizagizai su haɗu a gabas. Wanda ya ji wannan shiri ya tashi yau ya auna bangonsa, ya rubuta awon, ya nufi 'yan katako cikin makon nan, wanda kuma ya gama tasa ya taimaki maƙwabcinsa, musamman gwauraye da tsofaffi da marayu waɗanda ba su da mai yi musu.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, ya ba mu ikon riƙon amanarsa, ya tsare mu da gobara da ambaliya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.